GIDAN MAI BI A KWANAKIN ZAƁE

Darasin wannan wata domin iyaye ne. Kafin a fara, a karanta Kubawar Shari'a 6:4-9, da 1 Timothawus 2:1-4.

Tun shekarar 1999, da soja suka mayar da mulki ga farar hula, kowace shekara huɗu ƙasarmu Nijeriya ta kan yi zaɓen shugaban ƙasa. Daga 1999 zuwa 2023 an yi sau 7 ke nan. In lokacin ya matso, ba sai an gaya wa kowa ba. Hotunan 'yan takara su kan cika bango, motoci su yi ta zaga gari da lasifika, rediyo kuwa ba ta da wani zance sai na siyasa. Mu manya mu kan yi ta gardama a kasuwa, da bakin rijiya, har da ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Amma akwai waɗansu masu sauraro da mu kan manta da su, watau ƙananan 'ya'yanmu. Ba su da ƙuri'a, gama doka ta ce sai mutum ya cika shekara 18. Amma fa suna da kunne.

Mu yi ɗan lissafi. Yaron da ya ke da shekara 6 a zaɓen 2011 ya cika 18 a shekarar 2023. Haka kuma ɗan da ke wasa a tsakar gidanmu a wannan zaɓe, kafin mu farga shi ma ya shiga layi yana dangwala yatsa. Abin da ya koya a gida game da masu mulki, da maƙwabta, da waɗanda ba su goyon bayan wanda mu ke so, da shi zai tafi rumfar zaɓe.

1. Abin da yara ke ji

Ga misali. A wani gida an gama cin tuwon dare, maigida da baƙonsa suna hira a zaure. Zance ya kai ga zaɓe, murya ta fara tashi. Maigida ya ce, "Ai mutanen nan in suka ci, mun shiga uku. Dukansu halinsu ɗaya ne." 'Yarsa mai shekara 5 tana kwance bisa tabarma, ana tsammani ta yi barci.

Kashegari uwa ta ce da ita, "Laraba, kai wa Maman Hajara kwanon nan." Yarinya ta noƙe kafaɗa, ta ce, "Mama, ba na zuwa. Baba ya ce mutanen nan mugaye ne." Alhali kuwa Maman Hajara ce ta kwana da uwar a asibiti ranar da aka haifi Laraba.

Uban bai yi nufin maƙwabciyarsa ba, 'yan siyasa ya ke nufi. Amma yaro ba ya iya rarrabewa. In ya ji an ce "mutanen nan," sai ya duba wanda ya sani. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Bayan wata biyu uban ya manta da abin da ya faɗa, amma maganar tana nan cikin zuciyar yarinya.

Musa ya umurci Isra'ilawa su riƙa koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune cikin gida, da bisa hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Mu lura, waɗannan su ne ainihin lokatan da mu ke zancen siyasa. Ko mun sani ko ba mu sani ba, muna koyarwa. Tambaya ita ce, me mu ke koyarwa?

2. Zaɓe biyu da ya kamata mu tuna

An yi zaɓen shugaban ƙasa ran Asabar 16 ga Afrilu, 2011. Da sakamako ya fara fitowa, sai tarzoma ta tashi a jihohi 12 na Arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya mutum fiye da 800 da aka kashe cikin kwana 3, waɗanda suka bar gidajensu kuwa sun wuce 65,000. An ƙone majami'u, an ƙone masallatai. A garuruwa da yawa an kashe Kirista, a kudancin Kaduna kuma, kamar Zonkwa, an kashe Musulmi masu yawa. Wajibi ne mu faɗi dukan biyu, gama mai bi ba ya faɗin rabin gaskiya. Yawancin waɗanda suka ɗauki adda da fetur samari ne. Kowanensu kuwa ya taɓa zama ɗan yaro a tsakar gidan wani, yana jin yadda manya ke magana.

Da zaɓen 2015 ya gabato, tsoro ya kama mutane ƙwarai. Iyalai da yawa suka kwashe 'ya'yansu suka koma garuruwansu na asali. Ran 14 ga Janairu 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja. Aka yi zaɓe ran 28 ga Maris. Ran 31 ga wata, tun ba a gama sanar da sakamako ba, Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Janar Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna. Wannan ne karo na fari da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a ƙasar nan, ƙasa kuwa ta kwana lafiya.

Ko wane ne muka zaɓa a shekarar nan, wannan labari ne da ya dace mu ba 'ya'yanmu. Yakubu ya kwatanta harshe da ƙaramar wuta mai cinye babban jeji (Yakubu 3:5). Mun ga wutar a 2011. A 2015 kuma mun ga yadda magana kaɗan ta hana ta kamawa.

3. Abu huɗu da iyaye za su yi

Na fari, mu kiyaye bakinmu. Ba laifi ba ne mai bi ya so wani ɗan takara, ya kuma faɗi dalilinsa. Muna iya cewa, "Wannan mutum bai cika alkawarinsa ba," in gaskiya ne. Amma kada mu zagi kabila ko addini dungum saboda mutum ɗaya. Cikin almajirai 12 na Ubangiji akwai Matta, wanda ya yi wa gwamnatin Roma aikin karɓar haraji, akwai kuma Siman da a ke ce da shi Zaloti, sunan da a ke ba masu zafin ƙin mulkin Roma. Su biyu suka ci daga akushi ɗaya. In ɗan'uwa cikin ekklesiya yana bin wata jam'iyya dabam, bari yara su ga mun gaishe shi kamar kullum.

Na biyu, mu riƙe gaskiya. Fitowa 23 ta hana mu yaɗa labarin ƙarya, ta kuma ce toshi ya kan makantar da mai gani. Kwanakin zaɓe kwanakin jita-jita ne. Saƙo ya kan shigo wayar hannu, wai an kashe mutane a wuri kaza, wai ana zuwa daren yau. Kafin mu karanta shi da ƙarfi, ko mu tura wa wani, mu tambaya, wa ya gani da idonsa? Haka kuma batun masu yawo gida gida da atamfa, da sabulu, da taliya, da 'yan kuɗi. Mun san talauci, mun san zafinsa. Amma wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Yaron da ya ga uwarsa ta sayar da ƙuri'a da turmin zane ya koyi cewa kome yana da farashi, wuya ne makarantar Lahadi ta kankare masa wannan.

Na uku, mu kwantar musu da rai. Yaro ya kan ga tsoro a fuskar uwarsa tun ba ta yi magana ba. In ya tambaya, "Baba, za a yi faɗa?" kada mu tsawata masa, kada kuma mu yi masa ƙarya. Mu ce, "Ana zaɓen wanda zai shugabanci ƙasa shekara huɗu. Waɗansu za su yi murna, waɗansu za su ji zafi. Ni da mamarka muna nan, Allah kuma yana tsaronmu." Dogara ga Allah ba ta hana shiri. A tanadi hatsi, da ruwa, da maganin zazzaɓi, da 'yan kuɗi a hannu, gama mun tuna wahalar ƙarancin takardun naira gab da zaɓen 2023. Kada a bar yara su bi ayarin kamfe, kada a aike su nesa ranar da a ke faɗin sakamako. A koya wa kowane yaro cikakken sunan ubansa da sunan unguwarsu, ya kuma san gidan da zai shiga in ya ga gudu.

Na huɗu, mu yi addu'a tare da su. Bulus ya ce a yi addu'a domin sarakuna da dukan masu iko, domin mu zauna lafiya. Kaisar na Roma a ƙarshen kwanakin Bulus shi ne Niro, wanda ya tsananta wa masu bi a shekara ta 64. Bulus bai ce a yi wa sarkin da mu ke so kaɗai addu'a ba. A sujadar iyali, sai a ambaci 'yan takara duka da sunayensu, da ma'aikatan hukumar zaɓe, da 'yan sanda, da maƙwabta. A bar yaro ya yi addu'ar da bakinsa. Da wuya mutum ya girma yana ƙin wanda ya saba yi wa addu'a.

4. Bayan an faɗi sakamako

Babban darasi yana zuwa ranar da aka sanar da wanda ya ci. In namu ne, kada mu yi wa maƙwabci habaici, kada mu bar yara su yi masa waƙar ba'a. In ba namu ba ne, kada mu ce Allah ya yashe mu. Daniel yana bauta a Babila sa'ad da ya shaida cewa Allah ne ke tuɓe sarakuna, shi ne kuma ke naɗa su (Daniel 2:21). Irmiya kuma ya rubuta wa kamammu su nemi lafiyar birnin da su ke zaune a ciki, gama lafiyarsu tana haɗe da tasa (Irmiya 29:7). Wanda ya ga an yi maguɗi, doka ta ba shi hanyar kotu, ba ta titi ba.

Shugaba zai yi shekarunsa ya sauka, gama tsarin mulki bai yarda a zaɓi mutum fiye da sau biyu ba. Maƙwabci kuwa yana nan, 'ya'yanmu da nasa za su sha ruwan rijiya ɗaya. Saboda haka kashegarin sakamako, bari uwa ta sake miƙa wa Laraba kwano, uba kuma ya raka ta har ƙofar gidan, ya yi gaisuwa a gabanta.

Tambayoyi domin bincike

1. Wace magana ce muka faɗa a gaban yara a zaɓen da ya wuce, wadda ba za mu so su maimaita ba?
2. Me za mu ce da wanda ya kawo mana kyauta domin ƙuri'a?
3. Su wane ne za mu ambata cikin addu'ar iyali a wannan mako?

Ayar haddacewa: 1 Timothawus 2:1-2. Iyaye su fara haddacewa, sa'an nan su koya wa yara.