Darasi na Goma Sha Biyu: Haɗa Injin Lantarki da Famfo

Ku dubi famfon da yake tura ruwa zuwa tanki a makarantarku. Kashi biyu ne: akwai injin lantarki da yake kawo juyi, akwai kuma famfon da ake juyawa. Mun ce "injin lantarki" domin a Hausa "mota" abin hawa ce. Daga cikin injin wata sandar ƙarfe take fitowa, wadda makanikai suke kira shaf. Famfo ma yana da nasa shaf. Sai an haɗa su biyu ruwa yake hawa.

To, a ce injin ya ƙone, an sayo wani, sai aka tarar kaurin shaf ɗinsa milimita 24 ne, na famfo kuwa milimita 19. Yaya za a yi?

Da farko a auna, kada a dogara da ido. Injunan Amurka da inci ake auna su, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Shaf mai inci ɗaya da mai milimita 25 kamar tagwaye suke a ido, amma ramin da ya yi wa na farko daidai zai yi wa na biyu yawa.

Abin da ake haɗa su da shi sunansa mahaɗi. Ɓari biyu gare shi, kowane ɓari da raminsa: ɗaya milimita 24, ɗaya 19. Haƙoransu suna shiga juna, da roba a tsakani domin ta shanye girgiza. A jikin kowane shaf akwai tsagi inda ake kwantar da ɗan guntun ƙarfe don kada mahaɗi ya zame, sannan a ɗaure da sukuru. Idan babu ramin da ya dace a kasuwa, a sayi mai ƙaramin rami a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya faɗaɗa shi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne saiti. Tun da kaurinsu ya bambanta, ba saman shaf da saman shaf ake daidaitawa ba, tsakiya da tsakiya ake so su zauna a kan layi ɗaya. Makaniki yakan ɗora rula a kan ɓarin mahaɗi biyu, ta sama da ta gefe. In ya hangi haske a ƙarƙashin rula, saiti bai yi ba. Sai ya cusa siraran ƙarafa a ƙarƙashin ƙafafun injin, ya ɗaure, ya sake dubawa, ko sau biyar ne. Mai gaggawa yakan tsallake wannan mataki. Injin zai tashi, ba shakka, amma zai yi ta kaɗawa, roba ta cinye, boris ya yi zafi ya lalace, makaranta ta koma ɗiban ruwa da bokiti. Wasu kuma walda suke yi wa shaf ɗin biyu don a huta. A ganina wannan arha ce mai tsada: zafin walda yana iya lanƙwasa shaf, kuma ran da famfo ya buƙaci gyara sai an yanka.

Kada ku ɗauka siririn shaf zai fi kakkaura gudu. Muddin mahaɗi ne ya haɗa su, juyinsu ɗaya ne. Mai son sauya gudu sai ya yi amfani da bel da fuli, kamar a injin markaɗe. Idan injin yana juyi 1,450 a minti ɗaya, fulinsa santimita 10, fulin abin markaɗe kuma santimita 20, to abin markaɗen juyi 725 zai yi.

Kafin a taɓa komai, a kashe wuta daga tushe. Bayan an gama, a rufe mahaɗi da murfi, domin shaf mai juyawa yana naɗe hannun riga ko gyale kafin ƙiftawar ido.

Nahawu: Kwatanci

Hausa tana kwatanci da "fi" da "kai", sunan siffa kuma yana zuwa a ƙarshe:
Shaf ɗin injin ya fi na famfo kauri.
Shaf ɗin famfo bai kai na injin kauri ba.
Ba a cewa "ya fi shi kakkaura", sai dai "ya fi shi kauri".

Aiki

1. Me ya sa ake ɗora rula a kan mahaɗi?
2. Fulin injin santimita 10 ne, na abin markaɗe santimita 50. Juyi nawa abin markaɗen zai yi a minti ɗaya?
3. Ku rubuta jimloli uku da "fi" da uku da "kai", kuna amfani da nauyi, tsawo da gudu.