Sunan Itace, Abin da Ke Cikinsa, da Mazauninsa

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana cewa hikimar Sarki Sulemanu ta haɗa da sanin itatuwa, tun daga babban itacen al'ul na Lebanon har zuwa ɗan tsiron da ke fitowa a jikin bango (1 Sarakuna 4:33). Ashe nazarin tsire-tsire tsohon aiki ne mai daraja. A yau masana suna yi wa kowane tsiro tambayoyi uku. Mene ne sunansa, kuma su wane ne danginsa? Waɗanne sinadarai ne a cikinsa? Yaya yake zama da ƙasa da dabbobi da sauran tsire-tsire? A wannan darasi za mu ga cewa tambayoyin nan kamar duwatsun murhu suke, in aka janye ɗaya tukunya ta kife.

1. Sanin suna

Itace ɗaya yakan sami sunaye da yawa. Wanda wasu ke kira darbejiya, wasu dogon yaro suke ce masa, wasu maina, a Nijar kuma bedi. Don a kauce wa irin wannan ruɗani, a 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya kafa tsarin ba kowane tsiro suna biyu da Latin, na dangi da na kansa. Darbejiya ita ce Azadirachta indica, kuka Adansonia digitata, ɗorawa kuwa Parkia biglobosa.

A ƙasarmu, wani likita ɗan Sikotland mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aikin mishan a ƙasar Sin kafin ya zo Arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen tsire-tsire daga bakin mutanen ƙasa, ya buga ƙamus ɗinsu na Hausa a 1916. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsire-tsiren Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936.

Da can siffar fure da ganye da 'ya'ya ake dubawa. Daga 1998 masana suka sake tsara dangogin tsire-tsire masu fure bisa ga ƙwayoyin gado da ake kira DNA, sunaye da yawa kuwa suka canja. Bagaruwa, wadda tsofaffin littattafanmu ke kira Acacia nilotica, yanzu Vachellia nilotica ce, domin an bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia.

Kada mu ɗauka wannan gardamar masu littafi ce kawai. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, an ba wasu mata maganin rage ƙiba da aka haɗa da saiwa daga ƙasar Sin. An musanya saiwar da ta wani tsiro mai dafi, Aristolochia fangchi, saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama da juna. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace.

2. Sanin abin da ke ciki

Tsiro ba ya iya gudu daga maƙiyinsa, don haka yakan kare kansa da sinadarai masu ɗaci ko dafi. Daga cikinsu ne muke samun magunguna da yawa. A 1820 wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka fitar da kwinin daga ɓawon wani itacen Kudancin Amurka. A 1972 ƙungiyar Tu Youyou a ƙasar Sin ta fitar da sinadarin artemisinin daga Artemisia annua, ɗan'uwan tazargade. Shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitocinmu ke bayarwa, ita kuma ta sami lambar yabo ta Nobel a 2015. A 1968 aka fitar da azadirachtin daga ƙwallon darbejiya, wanda ke hana fara da sauran ƙwari cin ganye.

Sai dai mu lura. Ana yawan buga rahoton cewa ruwan ganye kaza ya kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Wannan matakin farko ne kurum. Sai an san sinadarin, an auna yawan da jiki zai iya ɗauka, an gwada shi ga marasa lafiya, kafin a kira shi magani. Shi ya sa mujallu masu kyau ke neman mai bincike ya ajiye samfurin tsiron a ma'adanar busassun tsire-tsire, irin ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, don wani ya iya tabbatar da sunansa.

3. Sanin mazauni

Kowane manomi ya san gawo. Yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen da ya zuba taki ne, kuma ƙananan halittun da ke saiwarsa suna jawo sinadarin naitirojin daga iska zuwa ƙasa.

Mu dubi ƙuduji kuma, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa yakan yi shekaru kwance a ƙasa, ba ya tsira sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. A 1966 aka fara gano irin wannan sinadari a saiwar auduga. Auduga tana ta da irin ƙuduji, amma ba ya iya manne mata, sai ya mutu. Shi ya sa ake shawartar manoma su riƙa juya gona da auduga ko waken soya. A nan ilimin sinadarai da na mazauni suka haɗu.

A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan sabarun da ake sarewa a gonaki kututturan itatuwa ne masu rai. Ya ƙarfafa manoma su bar rassa kaɗan masu ƙarfi, su sassabe sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

4. Yadda ake buga sakamako a yau

Kafin 2012 dole ne a bayyana sabon tsiro da Latin, a kuma buga shi a takarda. Daga 1 ga Janairu na shekarar aka yarda da Ingilishi, da kuma bugawa a intanet. Ma'adanai da yawa sun ɗauki hoton samfuransu sun sa a intanet, har ɗalibi a Jos ko Zariya na iya ganin ganyen da ke ajiye a Kew ta Ingila. Kowace shekara ana raɗa wa sababbin tsire-tsire kusan 2,000 suna. Amma rahoton Kew na 2020 ya ƙiyasta cewa biyu cikin kowane biyar na tsire-tsiren duniya suna cikin hatsarin ɓacewa. Wasu za su ƙare tun ba a san sunansu ba, balle maganin da ke cikinsu.

5. Namu aikin

Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15). Ba ma iya kiyaye abin da ba mu sani ba. Ɗalibai, a hutun nan kowa ya samo tsire-tsire biyar da ganye da fure, ya danne su tsakanin tsofaffin jaridu har su bushe. A rubuta wurin da aka samo su, da kwanan wata, da sunansu da Hausa da harshen gida. A tambayi kakanni amfaninsu, a rubuta yadda suka faɗa, amma kada kowa ya ɗanɗana abin da bai sani ba. Iyaye da dattawan ikkilisiya, muna roƙonku ku ba yaran nan lokaci, domin sunaye da yawa a bakinku kaɗai suka rage.

Tambayoyi

1. Me ya sa sunan Hausa kaɗai bai isa ba wajen binciken magani?
2. Yaya auduga ke rage ƙuduji a gona?
3. Waɗanne itatuwa ne kakanninku suka sani, waɗanda yanzu ba a ganinsu a garinku?