Salula Ta Shigo Gidajenmu, Saura Iliminta

Iyaye da 'yan uwana malamai na Abala da Sanam da sauran ƙasar Kurfai, ni malamin kwaleji ne, kuma abin da nake gani a aji ne ya sa nake wannan kira.

Da wuya yau ka shiga gidan da babu salula. Da ita ake jin muryar ɗan da ya tafi biɗa Abijan ko Legas, da ita ake samun labarin kuɗin da ya turo ta Nita ko Amana. Amma ka miƙa ta ga ɗalibin da zai zana BEPC, ka ce ya rubuta saƙo mai layi biyar, ko ya nemo taswirar Dallol Bosso, ko ya adana darasi inda zai same shi gobe, sai ya tsaya cik. Tura murya a WhatsApp da kallon TikTok ne iyakar saninsa.

Wannan giɓi ya fi yi mana illa a nan. A watan Maris na 2020 cutar korona ta rufe makarantun Nijar baki ɗaya, rashin tsaro kuma ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tillaberi. Abala da ta karɓi 'yan gudun hijirar Mali tun 2012 ta san yadda yaro ke barin garinsu ba littafi ko ɗaya a hannunsa. Alhali ɗan katin ajiya guda na iya ɗaukar darussan shekara, a tura su daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko da babu rezo. Ɗalibin da ya iya wannan, ko an rufe ajinsu karatunsa bai tsaya ba.

Akwai kuma batun tantance labari. Saƙon murya ɗaya na cewa an kai hari ya isa ya watsa kasuwa. Shi ya sa nake koya wa ɗalibaina tambayoyi uku kafin su tura komai: wa ya faɗa, yaushe aka faɗa, wa ya tabbatar? Ina kuma jaddada musu cewa lambar sirri ba a ba kowa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake.

Wanda Allah ya kai jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Boubakar Ba da ke Tillaberi zai tarar ana raba darussa ta waya, ana son aikin da aka buga a kwamfuta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada mu zauna jiran ɗakin kwamfuta. Waya biyu da faifan sola ɗaya sun isa a fara, awa guda a mako. Kwamitocin kula da makarantu na COGES su sa wannan cikin tsarinsu na bana, malamai mu fara koyo kafin mu koyar. Ku kuma iyaye, in ana wannan darasi ku turo 'yan mata tare da maza, domin haƙƙinsu ne su ma.