Karta Biyun Da Za Ka Zubar: Darasi Daga Wasan Kiribej

Kusan zangon karatu guda abokin ɗakina ya yi yana cinye ni a wasan kiribej, ni kuma kullum maganata ɗaya ce: sa'a ce kawai. Ba kuɗi muke sawa ba, kar wani ya ce caca muke yi a hostel. Dokarmu ita ce wanda aka ci shi zai ɗebo ruwa da asuba, kuma duk wanda ya taɓa bin layin famfo da bokiti biyu ya san wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Sai da na gaji da ɗibar ruwa na zauna da biro da takarda, na gano inda nake faɗuwa. Ashe tun kafin a ajiye karta ta farko nake zubar da wasan, a daidai lokacin da nake zaɓar karta biyun da zan fitar daga hannuna.

Na san yawancinmu wot muka sani, don haka bari in fara da gabatar da wasan a taƙaice. Kiribej wasan Ingila ne. Ana danganta ƙirƙirarsa ga wani mawaƙi mai suna John Suckling a farkon ƙarni na 17, kuma har yau ana buga shi sosai a Ingila da Amurka da Kanada. Mu a waya muka fara ganinsa, daga baya muka koma kan karta ta gaske, muna rubuta maki a bayan tsohon handawut maimakon allon katako mai ramuka da Turawa ke amfani da shi.

Mutum biyu ne ke bugawa da karta 52. A raba wa kowa shida. Kowa ya zaɓi biyu ya kife su a gefe, sai hannunsa ya koma huɗu. Waɗannan huɗun da aka kife su ne muke kira rumbu a ɗakinmu, kuma rumbun na mai rabo ne: bayan ya ƙirga hannunsa zai buɗe rumbu ya ƙirga shi a matsayin hannu na biyu. Ana karɓa-karɓa, yau rumbu naka, zagaye na gaba na abokin wasanka. Bayan an zubar sai a yanka karta a buɗe ɗaya a tsakiya, wadda za ta zama ta biyar ga kowane hannu har da rumbun. Wanda ya fara kai maki 121 shi ya ci.

Ƙirgar kuwa haka take. Duk haɗin da ya ba da 15, maki 2. Tagwaye, wato biyu masu lamba ɗaya, maki 2. Uku maki 6. Huɗu maki 12. Jere, kamar 7-8-9, maki ɗaya ga kowace karta. A tana matsayin 1, su kuma 10, J, Q da K duk goma-goma ne wajen haɗa 15. Akwai wasu ƙananan maki da zan taɓo a gaba.

To, daga karta shida, hanyoyi 15 ne kacal ake iya fitar da biyu. Kuskurena na farko shi ne hannuna kaɗai nake kallo. In ga wane huɗu ne suka fi maki, in riƙe su, sauran biyun in jefa ko me suke. Amma abin da ka jefa bai ɓace ba, wani zai ƙirga shi. In rumbun naka ne, abin da ya kamata ka duba shi ne hannu a tara da rumbu. In na abokin wasa ne, hannu a debe rumbu. Wannan bambancin na tarawa da debewa shi ne ya sa karta shida iri ɗaya suke da amsa biyu mabambanta.

Mu fara da 5, don ita ce uwar rikici. A cikin karta 52, guda 16 masu darajar goma ne, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan, kuma kowace ta haɗu da 5 ta ba da 15. Har ma akwai wani abu da na ƙi yarda da shi sai da na gwada da kaina: duk karta biyar da akwai 5 a cikinsu ba za su taɓa kasa maki 2 ba. Gwada ka gani. In ka guje wa masu goma da tagwaye, sauran lambobin za su tilasta maka jere ko 15. Ke nan ranar da ka jefa 5 a rumbun wani, ka ba shi kyautar maki 2 tun kafin a yanka. Haka 2 da 3 suke in sun tafi tare: jimlarsu 5 ce, ga su maƙwabta, A ko 4 ta faɗo sun zama jere. Mutane suna raina su saboda ƙanana ne, alhali suna cikin mafi kyawun abin da za ka zuba a rumbunka. A da 4 ma biyar ne, sai dai ba su kai 2 da 3 ba tunda akwai tazara tsakaninsu.

Bayan su sai 7 da 8, sai 6 da 9. Duka 15 ne, amma 7-8 ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda 6 ko 9 za ta mayar da ita jere. Tagwaye ma suna da kyau a rumbunka, musamman na tsakiya irin 6-6, 7-7, 8-8.

In kuwa rumbun ba naka ba ne, nemi biyun da ba sa ga maciji da juna. K da 10, K da 9, Q da 8, irin waɗannan. K tana da wani amfani na musamman: a bakin layi take, ta gefe ɗaya kawai ake iya yin jere da ita, J-Q-K, domin a kiribej A ba ta hawa saman K. Q kuwa tana shiga 10-J-Q ta kuma shiga J-Q-K. J ta fi su haɗari, don ban da jere, in alamarta ta yi daidai da ta kartar tsakiya tana ba da maki 1, abin da ke faruwa kusan sau ɗaya cikin huɗu. Akwai kuma batun alama: hannu mai karta huɗu alama ɗaya yana da maki 4, amma a rumbu sai duka biyar sun zo ɗaya har da ta tsakiya. Da wuya hakan ta faru, don haka ba na ɓata lokaci a kai sai in zaɓi biyu sun yi kunnen doki.

Yanzu ga hannun da ya sa na rubuta wannan darasin: 5, 5, 7, 8, 9, K.

Ido zai fara faɗawa kan 5, 5, K da wata ɗaya. Tagwaye 2, goma sha biyar sau biyu 4, jimla 6 tabbas. Sauran zaɓin duk ƙasa suke: 7-8-9-K maki 5, 5-7-8-9 maki 5, 5-5-7-8 maki 4. Da a ce a nan lissafin ya tsaya da babu abin tattaunawa. Amma akwai kartar tsakiya, kuma tunda shida ce kawai ka gani, tana iya zama kowace daga cikin 46 da suka rage. Abin da malaminmu na kididdiga ya sha nanatawa a aji muna hamma, shi ne ya yi aiki a nan: ka ɗauki kowace karta da za ta iya fitowa, ka ƙirga makin da za ta ba ka, ka ninka da yawanta a cikin 46 ɗin, ka tara, ka raba da 46.

Ɗauki 5-5-7-8, wadda ta fi kowa talauci a ido. In A ko 4 ta fito, tana nan a 4, kuma guda takwas ne irinsu. In 2 ta fito, 2+5+8 sau biyu, maki sun koma 8. In 3 ce, 3+5+7 sau biyu, 8 kuma. In 5 ce, saura biyu a cikin kartar, maki 10. In 6 ce, jeren 5-6-7-8 sau biyu da tagwaye da 15, maki 12. 7 ko 8 suna ba da 8, 9 tana ba da 7, sannan duk wata mai goma, su 15 ne suka rage, tana ba da 8. Da na tara sai na samu 353, a raba da 46, kusan 7.7. Hannun da ya fara da 4 ashe matsakaicinsa ya kusa 8.

Na yi wa sauran haka. 5-5-9-K ta ba da 388, wato 8.4. 5-5-8-K ta ba da 386, ita ma 8.4. 5-7-8-9 ta ba da 365, wato 7.9. 7-8-9-K ce ta ƙarshe da 313, wato 6.8. Ka ga tazarar maki 2 da ke tsakanin 5-5-8-K da 5-5-7-8 ta narke ta koma 0.7 kawai.

Sai mu dubi rumbu. Wannan ɓangaren ba ya lissafuwa da hannu cikin sauƙi tunda ba ka san abin da ɗayan zai jefa ba, amma masana wasan sun fitar da jadawali da kwamfuta, kuma alƙalumansu suna kusa da juna. In ka zuba 5-5 a rumbunka, matsakaicinsa ya doshi maki 9. 7-8 ko 5-K kuwa tsakanin 6 da 7 suke tsayawa.

In ni ne mai rabo ke nan: riƙe 5-5-9-K da zubar da 7-8 zai ba ni 8.4 da kamar 6 da rabi, wajen 15. Riƙe 7-8-9-K da zubar da 5-5 zai ba ni 6.8 da kusan 9, ya haura 15 da rabi. Hannun da ya zo na ƙarshe a jadawalina shi ne ya zama na ɗaya. Wallahi ranar da na fara jefa 5 biyu a rumbu hannuna har rawa yake yi, ji nake kamar na ba da kuɗin makaranta sadaka. Amma ka tuna abokin wasanka, da yake yana ƙoƙarin ɓata maka rumbu, manyan karta yake yawan jefowa, K da Q da 10, kuma su ne abincin 5.

In kuma rumbun nasa ne, maganar 5 ba ta taso ba. Zaɓin ya rage tsakanin riƙe maki 6 in ba shi 7-9, ko riƙe maki 4 in ba shi 9-K. 7 da 9 suna jiran 8 ne kawai: ta shigo, jere 3 da 15, maki 5 nan take. 6 ma tana da aiki a wurin. 9 da K kuwa babu jeren da zai haɗa su, kuma 5 da K take nema biyu suna hannuna. A jadawalin, 7-9 ta fi 9-K amfanar mai rumbu da sama da maki 1, ni kuma 0.7 kaɗai na rasa a hannu. Saboda haka 9-K ce amsa, duk da cewa a ido kamar na yar da maki 2 ne.

Wani zai ce, malam, wa zai tsaya yana wannan lissafin ana tsakiyar wasa? Babu. Ni ma ba na yi. Abin da ake yi shi ne a ɗauki hannaye kaɗan a warware su a takarda lokacin da babu wasa, har ido ya saba. Bayan na yi goma sha wani abu sai na lura na daina tambayar maki nawa ke hannuna, na koma tambayar karta nawa ne cikin 46 za su taimake ni. Hannun 5-5-7-8 guda 38 ne ke ƙara masa maki, 5-5-8-K kuwa 27 ne. Wannan ƙirgar ana iya yin ta a kai cikin 'yan daƙiƙu.

Akwai abin da alƙaluman nan ba su ɗauka ba, wato makin da ake ci lokacin ajiye karta ɗaya bayan ɗaya har zuwa 31. A can ƙananan karta sun fi daɗin riƙewa, don A da 2 da 3 suna shiga inda K ba ta shiga. In zaɓi biyu sun yi kusa da juna sosai, nakan karkata wajen wanda ya bar min ƙanana. Wannan darasi ne mai zaman kansa, sai wani fitowar in editoci sun ba ni fili.

Duk abin da na faɗa a sama na farkon wasa ne da tsakiyarsa, inda matsakaici ke da ma'ana saboda akwai zagaye da yawa a gaba. Kusa da 121 lissafin yana canzawa, saboda tsarin ƙirga: wanda ba mai rabo ba shi ke fara ƙirga hannunsa, sai mai rabo, sai rumbu a ƙarshe. Wanda ya taɓa 121 wasa ya ƙare a nan, ko da ɗayan yana riƙe da 29, wanda shi ne maki mafi yawa da hannu ɗaya ke iya bayarwa.

Makon da ya wuce ina kan 115, abokina yana kan 109, shi ne mai rabo. Aka ba ni 5, 5, 7, 8, 9, K, hannun da na shafe dare ina warwarewa. Murna ta kama ni, ko tunani ban yi ba na jefa masa 9 da K ina jin kaina farfesa. Maki 6 nake nema, 5-5-K kuma 6 ce cif, ni zan fara ƙirga, rumbunsa ko buɗe shi ba za a yi ba, da ko 7-8 na ba shi babu komai. Aka yanka, 4 ta fito, ɗaya daga cikin takwas ɗin nan da ba sa ƙara min komai. Na ci maki 1 wajen ajiye karta, na ƙirga 4 a hannu, na tsaya a 120. Shi kuma ya ƙirga nasa a hankali yana murmushi, ya wuce 121, ya miƙo min bokiti.