Kafin a Ɗora Tubali, a Duba Ƙasa

Darasinmu a kan ƙasar da ake gini bisanta ne.

Sau da yawa mutum zai sayi fili a fadama da rani, ya ga ƙasa ta bushe ƙayau, ga araha. Ya zuba siminti da ƙarfe, ya tare. Bayan damana biyu ko uku sai bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. A ce magini ya ci amana, alhali wani lokaci laifin ƙasa ne.

Me ke faruwa? Laka tana riƙe ruwa a cikinta kamar soso. In an ɗora mata nauyi, ruwan yana fita kaɗan-kaɗan, ƙasar tana lotsawa, kamar yadda tunkuza ke tsukewa in ana matse mai. Abin yakan ɗauki shekaru. In gefe guda ya fi nutsewa, nan tsaga ke farawa.

Dabarar injiniyoyi ita ce a sa ƙasa ta gama lotsawa tun ba a yi ginin ba. In lakar ba ta da zurfi, sai a kwashe ta, a cike da tsakuwa ko jar ƙasa, ana daɓewa hawa-hawa. Wani wuri a cuɗa ta da siminti don ta yi ƙarfi. In kuwa ta yi zurfi, sai a jibga mata tarin ƙasa na watanni, a huda ramuka a cika su da yashi, ruwa ya samu hanyar fita da sauri.

Haka aka yi a filin jirgin sama na Kansai a Japan, wanda aka buɗe a 1994 bisa tsibirin da aka cike cikin teku kusa da Osaka. An kafa ginshiƙan yashi wajen miliyan ɗaya cikin lakar. Duk da haka lakar can ƙasa, wadda yashin bai kai gare ta ba, ta ci gaba da nutsewa, har ana ɗaga ginshiƙan ginin da jak don ya daidaita.

To ina ga mai ɗaki biyu? Kafin ka biya kuɗin fili, je ka gan shi da damana, ka tambayi tsofaffin unguwa, ka haƙa rami ka ga abin da ke ƙasa. Dukiya amana ce, rayukan iyali ma haka.

Allah Ya sa mu dace, amin.