Danjar Babur: Me Ke Faruwa Idan An Cire Ta?

Duk direban da ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura bayan magariba, ya ratsa ta Kazaure, ya san yadda babur kan ɓullo masa kwatsam cikin hasken fitila, ba wata jar alama a bayansa. Haka abin yake a hanyoyin Roni da Gwiwa da Babura, inda babur ya gaji aikin jaki, shi ne ɗaukar buhun gero, shi ne kai mara lafiya asibiti. Wani buhu ne ya fasa masa danja, bai saya ba. Wani saurayi ne ya kwance ta don gayu. Wani kuwa cewa yake yi tana shan batir. Wannan darasi zai duba abin da kimiyyar lantarki ta ce game da hakan.

Yadda Aka Haɗa Ta

Ƙwan danja guda ɗaya ne a ido, amma zare biyu ne a cikinsa. Siririn mai wat 5 ne, shi ke ci muddin fitilar gaba na kunne. Mai kaurin wat 21 ne, ba ya kamawa sai an taka birki ko an matsa na hannu. Saboda haka wayoyi uku ke shiga gidan danja. A tsarin kamfanin Honda, wanda babura da yawa ƙirar Sin suka kwaikwaya, ruwan ƙasa ta fitilar dare ce, koriya mai ratsin rawaya ta birki ce, koriya zalla kuma ita ce at, wato hanyar da lantarki ke bi ya koma inda ya fito. Ƙarfen jikin babur shi ma wani ɓangare ne na wannan hanya ta komawa. Lantarki ba ya gudana sai da'irarsa ta cika.

Idan aka raba wat da bolt, sai a sami yawan kwararar lantarki. A babur mai bolt 12, siririn zare yana jan amfiya 0.42, mai kauri kuma amfiya 1.75. Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce in an raba bolt da amfiya a sami turjiya. Ke nan turjiyar siririn kusan om 29 ce, ta mai kauri kusan om 7. Malamin da ya auna ƙwan da mita zai ga adadin ya yi ƙasa da haka ƙwarai. Kada ya zargi mitar, domin turjiyar zaren tana ninkuwa wajen sau goma idan ya yi zafi.

Batun shan batir kuwa ba shi da tushe. Injin babur mai cc 100 yana ba da ƙarfin doki wajen 8, kimanin wat 6,000 ke nan. Wat 5 bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan ba. A ƙananan babura da yawa ma, fitilar dare daga kwayil ɗin injin take samun wuta kai tsaye, ba ta bi ta batir. A tsofaffin da ba su da na'urar daidaita wuta, an auna kwayil ne daidai da yawan ƙwayayen da zai ciyar. In aka cire ɗaya, sai matsin lantarki ya hau kan sauran, shi ya sa ƙwan gaba ke yawan ƙonewa bayan mutuwar danja.

Wayar Da Aka Bari Tsirara

Babban haɗari yana ga wayar da aka yanke aka bar ta tana reto a ƙarƙashin kujera. Da zarar ta birki ta taɓa ƙarfe, aka kuma taka birki, lantarki ya sami gajeriyar hanya wadda turjiyarta ta kusa sifiri. Bisa dokar Ohm, kwarara sai ta yi tashin gwauron zabi. Aikin fis shi ne ya narke a wannan lokaci ya katse da'irar. Amma sau da yawa akan tarar an maye gurbinsa da guntuwar waya ko takardar azurfa ta kwalin taba. Zafin da waya ke yi yana ninkuwa huɗu duk sa'ad da kwarara ta ninka biyu, kamar yadda James Joule na Ingila ya gano wajen 1840. Robar waya ta narke, ga tankin fetur a kusa.

In kwancewa ta zama dole, don gyara ko canji, a fara cire wayar batir mai alamar ragi. A zare wayoyin daga mahaɗinsu maimakon a sa wuƙa, a naɗe kan kowace daban da baƙin salatif. Mai son sa fitilar LED ya tabbata ja ce, tana da matakin haske biyu, kuma ta dace da irin wutar baburinsa, domin wutar kwayil mai kai-da-komo kan sa wasu ƙyaftawa ko mutuwa da wuri.

A Kan Kwalta

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya gani ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi na iya wucewa, mita 33 ke nan. Birkin kansa yana bukatar wajen mita 36 a busasshiyar kwalta. Jimla kusan mita 70. Ƙaramar fitilar mota kuwa da ƙyar take nuna baƙin abu daga wannan nisa, balle a lokacin hazo. To, ɗan acaɓan da ya tsaya sauke fasinja a gefen titi ba danja, an gan shi ne bayan lokacin tsayawa ya ƙure. Danja mai ci ana hango ta daga ɗaruruwan mitoci, domin haskenta tafiya ɗaya yake yi zuwa ido, na fitilar mota kuwa sai ya je ya dawo.

Gwaji A Aji

Malami ya samo batir mai bolt 12 da ƙwan danja ɗaya. Ya haɗa ragi da jikin ƙwan, ya taɓa tarawa a kan kowace ɗigon dalma da ke gindinsa, ɗalibai su kwatanta hasken biyu. Daga nan ya cire waya daga jikin ƙwan, ya sa ragi a ɗigo ɗaya, tarawa a ɗayan. Yanzu lantarki yana ratsa zaren biyu a jere, kuma siririn ne zai yi haske, mai kaurin da ƙyar zai yi ja. Irin wannan ke faruwa idan tsatsa ta cinye at a babur: a taka birki, sai a ga fitilar mita ta kama. Ɗalibai su zana hanyar da lantarkin ya bi har ya isa can.