Ta Girke ko Tafi-da-Gidanka: Wace Kwamfuta ta Dace da Mai Tsara Zane?

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ta yau da wuya mutum ya wuni bai ci karo da aikin mai tsara zane ba. Bangon littattafan soyayya, da katin gayyatar biki, da kalandar ƙungiya, duk a kan kwamfuta ake fitar da siffarsu kafin a kai su maɗaba'a. Ɗalibai da yawa daga cikinmu sun fara kama wannan sana'a domin rufin asiri, kuma tambayar farko da kan sha musu kai ita ce: wace iri za a saya, ta girke da ake kafawa a kan tebur, ko kuwa tafi-da-gidanka? Ga wanda ya shekara yana tara kuɗin, kuskure a nan ba ƙaramar asara ba ce. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta auna su biyun bisa ma'aunai huɗu.

Waiwaye

Tsara zane da kwamfuta ya kankama ne a Amurka bayan fitowar Macintosh ta kamfanin Apple a 1984, da manhajar PageMaker a 1985. Sai Illustrator ta biyo baya a 1987, CorelDRAW ta ƙasar Kanada a 1989, Photoshop kuma a 1990. A wancan zamani babu maganar zaɓi, don kuwa Osborne 1, wadda aka yi a 1981 domin ɗauka a hannu, nauyinta ya kai kusan kilo 11, fuskarta kuwa inci 5 kacal. Yau tazarar ta ragu ainun, amma ba ta gushe ba.

Ma'auni na Farko: Ƙarfin Aiki

Bari mu ɗauki misali. Shafin A4 da za a buga yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, wato ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, jimla kusan miliyan 8.7. Da launukan maɗaba'a huɗu, wannan ya kai kimanin megabait 35 a shimfiɗa ɗaya tak. Shi kuwa mai zane yakan ɗora shimfiɗa kan shimfiɗa, har ashirin ko fiye. Duk wannan a ma'adanar wucin gadi, wadda aka fi sani da ram, yake zama muddin ana aiki. Shi ya sa kamfanin Adobe ya ba da shawarar gigabait 16 ko fiye ga mai amfani da Photoshop.

Ban da haka akwai zafi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta ɗau zafi fiye da kima takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ta girke tana da faffaɗan ciki da manyan fankoki. Ita kuwa tafi-da-gidanka cikinta a matse yake, saboda haka a zafin bazara, ko idan ƙurar hunturu ta toshe mata kafofin iska, ita ce kan fara gajiya. A nan ta girke ce a gaba.

Ma'auni na Biyu: Fuska da Launi

Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi-shuɗi, da ja-ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Don haka ba duk abin da ido ya gani a fuska ne kan fito a takarda ba. Na taɓa tsara wa wata ƙungiya bangon mujalla a kan wata tsohuwar tafi-da-gidanka mai arha. Koren da na zaɓa ya fito kamar busasshen ganye, kuma sai da aka gama bugawa na gane cewa fuskar ce ta yaudare ni, don launinta yakan sauya da zarar na karkata kai. Araha dai ba ta ado. Fuska irin ta IPS ba ta da wannan aibi sosai. Mai ta girke yana iya zaɓen fuskarsa dabam, mai inci 24 ko 27, alhali tafi-da-gidanka yawanci tsakanin inci 13 da 17 take. Sai dai wannan matsala tana da magani, don ana iya jona mata babbar fuska ta waje.

Ma'auni na Uku: Gyara da Ƙari

Ta girke gunduwa-gunduwa ce. Idan wani sashe ya lalace, shi kaɗai za a sauya, idan kuma aiki ya bunƙasa, sai a ƙara ram ko katin hoto. Tafi-da-gidanka da yawa na zamani an manne ram ɗinsu ne a jikin uwar allo. Misali, MacBook masu ƙwaƙwalwar M, waɗanda Apple ya fara fitarwa a 2020, ba a iya ƙara musu ram bayan saye. Wajibi ne mai saye ya tambayi wannan kafin ya miƙa kuɗinsa.

Ma'auni na Huɗu: Wuta da Zirga-zirga

Nan ne tafi-da-gidanka ta yi zarra. Ta girke ba ta da batir. Da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, duk abin da ba a adana ba kuwa ya tafi ke nan. Na'urar riƙe wuta da ake haɗa mata 'yan mintoci kawai take bayarwa. Haka kuma ita da fuskarta sukan ja wuta fiye da tafi-da-gidanka nesa ba kusa ba, wanda ke nufin ƙarin man janareta ko ƙarin faifan sola. Wanda ya kwatanta farashin injin biyu kawai, ya manta da kuɗin wuta, bai gama lissafi ba. Sannan ɗalibin da ke kwana a ɗakin mutum huɗu, yana kai da komo tsakanin aji da maɗaba'a da gidan mai aiki, ba shi da inda zai girke komai.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ta girke ta yi rinjaye a ma'aunai uku, tafi-da-gidanka a ɗaya. Amma ɗayan nan yana iya rinjayar ukun, domin injin da ba ya kunnuwa ƙarfinsa bai amfani kowa ba. Saboda haka mai karatu ya fara tambayar kansa: a ina zan yi aikin, kuma wace wuta gare ni? Wanda ke da shago da tsayayyiyar wuta, ta girke ta fi masa riba. Ɗalibi irina kuwa ya nemi tafi-da-gidanka mai ram gigabait 16 da fuskar IPS, in hali ya samu daga baya ya jona mata babbar fuska. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya sa mu dace.